Sa hannu ba ya cinye haƙƙinka a Kanada: ga yadda za ka bi

Wani ƙanenmu da ke aiki a wani babban sito ya kira ni wata Alhamis da daddare muryarsa duk ta dushe, ya ce Yaya an canza mana jadawali, yanzu hutun rabin awar nan da nake zuwa Juma'a da shi an mayar da shi ƙarfe sha ɗaya na safe, na yi wa sufabaiza magana ya ɗauko wani ɗan littafi mai shuɗin bango daga aljihun baya ya buɗe min wani shafi ya ce ga shi nan a yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadago da kamfani, wanda ya fi daɗewa shi ke fara zaɓen lokacin hutu, kai kuwa watanka biyar, ba abin da zan iya. Sai yaron ya ce min to shi kenan ai na riga na sa hannu ko? Wallahi wannan kalmar ta "na riga na sa hannu" ita ce ta fi cutar da mutanenmu a ƙasar nan, ɗalibai da masu kula da tsofaffi da direbobin manyan motoci da nas-nas ɗin da ake ɗauka can arewa, kowa ya taho da tunanin gida cewa in dai ka dangwala hannu magana ta ƙare. A Kanada ba haka ba ne. Akwai haƙƙin da ko ka sa hannu sau goma ba ka sayar da shi ba, don doka ba ta ba ka ikon sayarwa ba tun farko.

Tun 1982 Kotun Ƙolin Kanada ta faɗi wannan a shari'ar 'yan kwana-kwana na Etobicoke da ke Ontariyo. Yarjejeniyar da ƙungiyarsu ta ƙulla da hukumar gari ta ce duk wanda ya kai shekara 60 dole ya ajiye aiki, kuma ƙungiya ta yarda ta sa hannu, amma kotu ta ce dokar haƙƙin ɗan'adam ta jama'a ce gaba ɗaya, ba kayan mutum biyu ba ce da za su zauna a teburi su yi cinikinta. To riƙe wannan tukuna, shi ne tushen duk abin da zan faɗa. Inda mutane suke faɗuwa daban ne, suna buga ƙofar da ba ita ba har lokaci ya ƙure, shi ya sa zan fi daɗewa a kan ƙofofin.

Fara da sanin dokar wa ke kanka

Abu na farko da za ka yi, tun kafin ka yi fushi ma, ka gano shin wurin aikinka na ƙarƙashin gwamnatin tarayya ne ko na lardi, don kowa da dokarsa da hukumarsa. In kana aiki a banki, ko kamfanin jirgin sama, ko jirgin ƙasa, ko kamfanin waya da intanet, ko gidan rediyo da talabijin, ko gidan waya, ko tashar jiragen ruwa, ko kamfanin manyan motoci da ke tsallaka lardi zuwa lardi ko zuwa Amurka, to kai na tarayya ne, Dokar Haƙƙin Ɗan'adam ta Kanada ta 1977 ce ke kanka, kuma Hukumar Haƙƙin Ɗan'adam ta Kanada da ke Otawa za ka kai wa ƙorafi. Saura kuwa, wato mafi yawanmu, masu aikin shago da gidan abinci da asibiti da gidan tsofaffi da makaranta da gini da masana'anta, dokar lardin da kake ce. Direbobi ku lura da kyau a nan, mutum biyu suna iya tuƙa mota iri ɗaya a gari ɗaya, ɗaya kamfaninsa ba ya fita lardi ɗaya kuma yana kai kaya Detroit ta Amurka, to ba hukuma ɗaya za su je ba.

Dokar tarayya ta lissafa dalilai 13 da aka hana a nuna wa mutum bambanci a kansu, ciki akwai launin fata, ƙabila ko ƙasar da ka fito, addini, shekaru, jinsi wanda ya haɗa da juna biyu da haihuwa, aure ko rashinsa, nauyin iyali, da naƙasa ko rashin lafiya. Na larduna ma kusan haka suke da ɗan ƙari ko ragi. Amma fa a gane, ba kowane zalunci ne yake zama shari'ar haƙƙin ɗan'adam ba. In manaja mugu ne ga kowa da kowa, baƙi da fari, to wannan wata hanyar ce daban, ta dokar ƙwadago. Sai ka iya nuna cewa abin da aka yi maka yana da nasaba da ɗaya daga cikin dalilan nan, ko da ba shi kaɗai ne dalilin ba, kuma ba sai ka tabbatar da cewa da gangan suka yi ba. Wannan ma kotu ta warware shi tun 1985 a shari'ar Theresa O'Malley, wata mai sayar da kaya a shagon Simpsons-Sears da addininta ya hana ta aiki daga yammacin Juma'a zuwa yammacin Asabar, ƙa'idar shagon kan kowa take ba a yi ta don ita ba, amma tunda ita ta buga saboda addininta, kotu ta ce bambanci ne.

Kuma kariyar nan ba ta 'yan ƙasa kaɗai ba ce. Ɗalibi mai aikin wucin gadi, mai famit ɗin aiki, mai neman mafaka, duk ta rufe su. Wanda famit ɗinsa ke ɗaure da kamfani ɗaya shi ya fi jin tsoro, na sani, don gani yake in ya buɗe baki sai filin jirgi. Tun 2019 akwai buɗaɗɗen famit da ake ba ma'aikacin da ake cin zarafinsa a wurin aiki don ya samu ya bar wurin ba tare da zamansa ya lalace ba, ku nemi bayaninsa a shafin hukumar shige da fice, kada tsoro ya sa ku haɗiye abin da bai haɗiyuwa.

In akwai ƙungiya a wurinku

To mu koma kan ƙanen nan namu da ɗan littafi mai shuɗin bango. Labarinsa kusan sak yake da na Larry Renaud, wani mai shara da kula da ginin makaranta a gundumar Okanagan ta Tsakiya a Birtish Kolombiya, ɗan cocin masu kiyaye Asabar. Yarjejeniyar ƙungiya ta sa shi shifta ranar Juma'a daga ƙarfe 3 na rana zuwa 11 na dare, shi kuma daga faɗuwar ranar Juma'a ba ya aiki. Hukumar makaranta ta so ta mayar da shi Lahadi zuwa Alhamis, ƙungiya ta ce atafau ba za a taɓa yarjejeniya ba, aka kore shi. A 1992 Kotun Ƙoli ta ce duk su biyun sun yi laifi, mai aiki da ƙungiya, kuma yarjejeniya ba ta zama katangar da za a fake a bayanta ba. Ka ga ke nan sufabaizan da ya ce ba abin da zai iya bai faɗi daidai ba, ko da ya yi imani da abin da yake faɗa. Doka ta ɗora wa mai aiki nauyin ya yi maka sassauci har zuwa inda abin zai zama matsananciyar wahala gare shi, kuma wahalar da ake nufi ta gaske ce, tsada mai karya kamfani ko haɗari ga lafiya da rayuka, ba wai "sauran ma'aikata za su yi gunaguni" ba, ba wai "haka muka saba" ba.

Amma shari'ar Renaud ɗin nan tana da ɗaya gefen da mutanenmu ba sa son ji, ni kuwa sai na faɗa. Kotu ta ce kai ma da naka nauyin. Dole ka sanar da su buƙatarka, ka ba da haɗin kai a nemi mafita, kuma in aka kawo maka mafita mai ma'ana ba za ka ƙi ba don kawai ba ita ce ainihin wadda kake so ba. In sun ce ka je Juma'a ka dawo ka rama awa ɗaya da yamma, ko ka yi musanya da wani, ko ka ɗauki ranar Sallah daga hutunka, to ka duba da idon basira kafin ka ce a'a, don ranar da aka je gaban mai yanke hukunci tambayar farko ita ce kai me ka yi. Na ga wanda ya riƙa sulalewa ta ƙofar baya duk Juma'a ba tare da ya gaya wa kowa ba, da aka kama shi ya ce addini, abin ya yi masa wuya ƙwarai, ba don ba shi da haƙƙi ba, sai don bai taɓa tambaya ba.

Saboda haka ga abin da na sa ƙanen nan ya yi, a daren ma. Ya zauna ya rubuta imel gajere, layi shida ko bakwai, ba wa'azi ba zagi. Ya ce ni Musulmi ne, sallar Juma'a wajibi ce a kaina, ana yin ta tsakanin ƙarfe kaza da kaza, masallacin tafiyar minti goma ne, ina neman sassauci saboda addini, ga hanya biyu da nake ganin za su yi, kuma a shirye nake na ji tasu. Ya tura wa sufabaiza da ofishin kula da ma'aikata, ya sa wakilin ƙungiya a ciki, ya kuma tura kwafi zuwa imel ɗinsa na kansa ba na kamfani ba, wannan kada ku manta da shi dan Allah, don ranar da aka sallame ka kafin ka kai bakin get an rufe akwatin imel ɗin ofis. Sannan na ce ya sayi ɗan littafin rubutu na dala biyu ya ajiye a mota, duk abin da ya faru ya rubuta a ranar, kwanan wata, ƙarfe nawa, wa ya faɗa, me ya ce da bakinsa, su wa ke tsaye a wurin. Hoton jadawalin da ke manne a ɗakin hutu ma ya riƙa ɗauka duk mako kafin a cire.

Sai maganar wakilin ƙungiya, wanda suke kira sitiwad. Ka neme shi ka ce kana so a shigar da ƙorafi a rubuce, kuma ka tambaye shi kwana nawa yarjejeniyarku ta bayar, don wa'adin nan gajere ne matuƙa, wasu kwanaki ne ƙalilan ba watanni ba, yana nan rubuce a babin ƙorafi, ka buɗe da kanka ka karanta. In ba a sasanta a matakan ciki ba sai a kai gaban mai raba gardama, wato wani alƙalin ƙwadago da ɓangarorin biyu suke zaɓa. Kuma shi wannan alƙalin yana da ikon ya yi aiki da dokar haƙƙin ɗan'adam ko da yarjejeniyar ba ta ambace ta ba, ko da ma ta saɓa mata. Shari'ar Parry Sound ta 2003 ce ta kafa wannan, kuma 'yan'uwa mata ku saurara. Joanne O'Brien tana cikin watannin gwaji ta tafi hutun haihuwa, tana dawowa ba da jimawa ba aka sallame ta, yarjejeniya kuma ta ce ɗan gwaji mai aiki zai iya korarsa yadda ya ga dama ba ƙorafi. Kotun Ƙoli ta ce a'a, dokar haƙƙin ɗan'adam tana cikin kowace yarjejeniya ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Don haka ke da ke ɓoye ciki da babbar riga don kina wata na uku a aiki, ki sani gwaji bai ba su lasisin korarki saboda ciki ba.

Ga tarkon yanzu. Mutum zai ce to ni ban yarda da ƙungiyar nan ba, bari na wuce kai tsaye hukumar haƙƙin ɗan'adam. Ya danganta da inda kake. A 2021 aka yanke shari'ar Linda Horrocks, mai kula da marasa lafiya a wani gidan tsofaffi a garin Flin Flon na Manitoba, ta kai ƙararta hukumar lardi ta yi nasara a can, amma Kotun Ƙoli ta ce a Manitoba ma'aikacin da ke cikin ƙungiya in rikicinsa ya taso daga yarjejeniya to mai raba gardama ne kaɗai ke da hurumi, shekaru na shari'a suka tafi a kan maganar ƙofa kawai. 'Yan Winifeg, babban birnin Manitoba, ku riƙe wannan. A Ontariyo kuwa kotun haƙƙin ɗan'adam ta lardin ta yanke a 2022 cewa ita tana da hurumi tare da mai raba gardama, a Birtish Kolombiya da tarayya ma ƙofa biyun a buɗe suke, sai dai hukumar tarayya tana iya ce maka je ka gama da hanyar ƙungiya tukuna. Kuma ba a cin tuwo biyu, in an saurari maganar an yanke a wuri ɗaya ba za ka ɗauke ta ka kai ɗaya wurin don ba ka ji daɗin hukuncin ba. Ni shawarata in lardinka ya yarda da ƙofa biyu, ka shigar da na ƙungiya nan take, sannan ka shigar da na hukuma kafin wa'adi ya cika ko da za su jingine shi, don wa'adin ba ya jiran kowa. Shekara ɗaya ce a tarayya da Ontariyo da Alberta da Manitoba da Birtish Kolombiya, daga ranar abu na ƙarshe da aka yi maka. Shigarwa kyauta ce ba sai da lauya ba, kuma a Ontariyo akwai cibiyar tallafin shari'a ta haƙƙin ɗan'adam da ke ba da shawara ba ko sisi.

In ƙungiyar ce da kanta ta yi watsi da kai fa? Doka ta wajabta mata ta wakilce ka da gaskiya, ba son kai ba bambanci ba sakaci na ganganci, sai ka kai ta hukumar hulɗar ƙwadago, a tarayya kwana 90 kacal gare ka. Ba na ɓoye muku, irin wannan ƙarar tana da wuyar ci, don ƙungiya tana da damar ta ce ta duba ta ga ƙorafin ba zai yi nasara ba, shi ya sa duk maganarka da sitiwad ka bi ta da saƙo a rubuce.

'Yan Kyubek ku naku da ƙari. Dokar lardin ta 2019 da ake kira Doka ta 21 ta hana wasu ma'aikatan gwamnati, kamar malaman makarantun gwamnati da 'yan sanda da masu gabatar da ƙara, sa alamar addini a bakin aiki, hijabi na ciki, kuma an kare ta da sashe na 33 na kundin haƙƙoƙi da 'yanci na Kanada wanda ke ba majalisa damar tsallake wasu haƙƙoƙin. Abin yana min ciwo ƙwarai, amma 'yar'uwa mai shirin karatun koyarwa gara ta sani kafin ta zaɓi lardi.

In aikinka a ƙasar 'yan asali yake

Wannan ɓangaren ne mutanenmu ba su cika sani ba, alhali kullum ana ɗaukar nas da malaman makaranta da akantoci da ma'aikatan jin daɗin jama'a zuwa garuruwan 'yan asalin ƙasa a arewa, wasu garuruwan ma sai da ƙaramin jirgi ake shigarsu. Za ka je ka tarar wanda ya ɗauke ka aiki ba gwamnatin lardi ba ce ba ta tarayya ba, gwamnatin al'ummar ce da kanta, da sarkinta da majalisarta da tutarta a bakin ofis.

Ka fara da tambayar wace irin gwamnati ce. Yawancin al'ummomin har yanzu suna ƙarƙashin tsohuwar Dokar Indiyawa ta 1876, Indiyawa a nan 'yan asalin ƙasar ake nufi ba mutanen Indiya ba. Wasu kuma sun fita daga cikinta ta hanyar yarjejeniyar mulkin kai da suka ƙulla da Kanada, kamar Sechelt a 1986, Nisga'a a kwarin kogin Nass wadda ta fara aiki ran 11 ga Mayu 2000, Westbank a 2005, sannan a Yukon 11 daga cikin al'ummomi 14 suna da tasu. Waɗannan suna da kundin tsarin mulkinsu, suna yin dokokinsu, wasu har da hanyar sauraron ƙorafi tasu. To kafin ka sa hannu a takardar ɗaukar aiki ka nemi abu uku ka karanta, ita yarjejeniyar mulkin kan, kundin tsarin mulkin al'ummar, da littafin ƙa'idojin ma'aikata. Yarjejeniyoyin nan a fili suke a intanet. Ka je babin da ke maganar dangantakar dokoki, a nan ake faɗin wace doka ce ke rinjaye in an samu saɓani, ka kuma nemi inda aka ambaci kundin haƙƙoƙi da 'yanci na 1982, wanda suke kira Cata, ta Nisga'a misali ta faɗa ƙarara cewa Cata tana kan gwamnatinsu.

Akwai tarihi a nan da ya kamata ka sani. Da aka yi dokar tarayya a 1977 an sa mata sashe na 67 wanda ya ce ba ta shafi duk abin da aka yi a ƙarƙashin Dokar Indiyawa ba, wai na ɗan lokaci ne, sai da ya shekara 31. Waɗanda suka fi shan wuyarsa matan 'yan asali ne, musamman waɗanda aka raba da matsayinsu na 'yan asali a doka don sun auri bare. A watan Yuni 2008 aka soke sashen, aka ba gwamnatocin al'ummomin shekara uku su shirya, daga Yuni 2011 ana iya kai ƙorafi a kansu kan irin waɗannan hukunce-hukuncen. Amma majalisa ta haɗa da sharaɗi, cewa in ana duba ƙorafi a kan gwamnatin 'yan asali a yi la'akari da al'adunsu da dokokinsu na gargajiya, a auna haƙƙin mutum ɗaya da na jama'a, matuƙar hakan bai taka daidaiton mace da namiji ba.

Yadda awon nan yake a aikace, shari'ar Cindy Dickson ce ta nuna shi. Ita 'yar al'ummar Vuntut Gwitchin ce, garinsu Old Crow can ƙuryar arewacin Yukon, ba titin mota, ita kuma tana zaune a Whitehorse kusan kilomita 800 kudu, ɗaya daga cikin dalilanta shi ne ɗanta na buƙatar kulawar asibiti da babu a can. Ta so ta tsaya takarar majalisa, tsarin mulkinsu ya ce duk wanda ya ci sai ya tare a ƙasarsu cikin kwana 14. A watan Maris 2024 Kotun Ƙoli ta ce e, Cata tana aiki a kan gwamnatin Vuntut Gwitchin, kuma e, sharaɗin ya taɓa haƙƙinta na daidaito, amma sashe na 25 na Cata yana kare irin wannan sharaɗin don yana tsare alaƙar shugabanni da ƙasarsu, sai sharaɗin ya tsaya. Ni na tausaya mata sosai, uwa ce mai ɗa marar lafiya, kuma na fahimci mutanen da aka shekara fiye da ɗari ana ƙwashe 'ya'yansu, kimanin yara 150,000, ana kai su makarantun kwana don a raba su da harshensu, in suka ce shugabanmu sai ya zauna cikinmu ba son zuciya ba ne.

Kai baƙo ma'aikaci, abin da wannan ke nufi gare ka shi ne in ka ga an rubuta a tallar aiki cewa za a fifita 'yan al'umma, ko aka ba ɗan gari ƙarin girma kai kana nan, kada ka yi saurin cewa wariya ce. Hukumar tarayya tana da manufa a rubuce da ta yarda ma'aikatar da aka kafa don yi wa 'yan asali hidima ta fifita su wajen ɗauka da ƙarin girma, a Nunabut ma, yankin 'yan asali Inuwit da ke arewa, sashe na 23 na yarjejeniyarsu ya ɗora wa gwamnati ta ƙara yawan 'yan Inuwit a aikinta. Mu da muka taso da rigimar ɗan asali da baƙo a gida zuciyarmu tana saurin tafiya can, amma tarihin ba ɗaya ba ne. Sai dai fifikon yana da iyaka. Bai halatta a zage ka da launin fatarka ba, bai halatta a hana ki sa hijabi ko a kore ki don ciki ba, bai ɗauke musu nauyin sassauci kan sallah ko rashin lafiya ba.

Ƙofar kai ƙara kuma a nan ta fi rikitarwa, don ba duk abin da ke cikin ƙasar 'yan asali ne na tarayya ba. In kana aiki a ofishin majalisar al'umma kai tsaye, galibi tarayya ce. Amma a 2010 Kotun Ƙoli ta duba wata cibiyar kula da yara mai suna NIL/TU,O a Birtish Kolombiya, ta 'yan asali ce, su take yi wa aiki, duk da haka kotu ta ce abin dubawa shi ne irin aikin da take yi kullum, kula da yara kuwa aikin lardi ne, saboda haka dokar ƙwadagon lardi ce ke kanta. Ke nan asibitin sha-ka-tafi ko gidan mai ko kantin da ke garin yana iya zama na lardi. Dubi sunan da ke kan takardar albashinka, wannan sunan shi ne mai aikinka a doka, ba tambarin da ke jikin gini ba. In ka yi shakka ka kira hukumomin biyu a rana ɗaya ka gaya musu sunan, in har yanzu bai fito fili ba ka shigar a duka biyun cikin wa'adi ka bari su su warware tsakaninsu. A Yukon wa'adin hukumar yankin wata 18 ne, na tarayya shekara ɗaya, ka yi lissafi da gajeren. Wanda kuma ke ƙarƙashin tarayya ba ƙungiya, ya cika wata 12 a aiki aka kore shi ba dalili, yana da wata ƙofar ta korar zalunci a dokar ƙwadago ta Kanada, ita kwana 90 ce.

Kuma ina roƙonku, in al'ummar tana da hanyarta ta sasanci, zama da dattawa ko kwamitin ƙorafi, ku fara da ita da zuciya ɗaya, ku je da ladabi irin wanda aka koya mana a gaban manya. Garin mutum ɗari uku ne, wanda kake ƙara da shi gobe shi za ka tarar a kanti ɗaya tilo da ke garin, kuma sau da yawa maganar tana mutuwa a zaman farko. Kawai dai kana zaman kana ƙirga kwanakinka, zaman sulhu ba ya tsayar da agogon hukuma.

Kada kuma a sa rai da dukiya. A dokar tarayya diyyar ɓacin rai ba ta wuce dala 20,000, in an nuna ganganci ko rashin damuwa a ƙara har wata 20,000, ban da albashin da ka rasa da yiwuwar a mayar da kai aiki, kuma shari'ar tana iya cin shekaru. In an kawo maka takardar sallama da 'yan kuɗi aka ce sa hannu yau, kada ka sa, ka ce za ka kai wa lauya, don wannan sa hannun daban yake da na farkon aiki, shi yana iya rufe ƙorafin abin da ya riga ya faru. Ramuwar gayya ma laifi ce mai zaman kanta, in ka shigar da ƙorafi sai ka ga an rage maka awanni ko an fara rubuta maka gargaɗi a kan abin da da ba a kulawa, shi ma ka sa shi a ɗan littafin nan da kwanan watansa.

Ƙanen namu dai kwana tara bayan imel ɗin aka kira shi ofis, shi da sitiwad da wata mata daga ofishin ma'aikata, aka ce zai riƙa fita ƙarfe ɗaya saura kwata ya dawo biyu saura kwata, ya rama rabin awa bayan tashi. Ya ce a rubuta masa, aka rubuta, ya tura wa kansa kwafi tun yana cikin mota a wurin fakin.